Famfon tuƙa-tuƙa: me ya sa wanda ya fi ƙarfi ba lallai ne ya fi ba da ruwa ba?

Duk wanda ya saba bin hanyoyin karkara a Nijar, Chadi, arewacin Kamaru ko arewacin Ghana ya sha ganin famfon tuƙa-tuƙa tsaye a bakin gari, dandamalinsa na siminti ya bushe ƙayau, awaki na kwance a kai, mata kuwa sun koma tsohuwar rijiya ko tafki da bokitansu. Sau da yawa ramin burtsatsen lafiyarsa ƙalau, ruwa na nan a ƙasa. Abin da ya mutu wata 'yar roba ce da ba ta kai tafin hannu ba.

A shekarar 2009 ƙungiyar RWSN, wadda ta haɗa masana samar da ruwan sha a karkara, ta tattara alƙaluma daga ƙasashe 20 na Afirka kudu da Sahara, ta ƙiyasta cewa kimanin famfo ɗaya cikin uku ba ya aiki. Wani nazari da aka yi bayan shekara goma ya sauko da adadin zuwa ɗaya da 'yan kai cikin biyar. Ko wanne aka ɗauka, magana ce ta dubban ƙauyuka. An saba ɗora laifin a kan ɗan kwangilar da ya yi algus, ko kwamitin gari da ya cinye kuɗin gyara, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma wani ɓangare na matsalar an yanke shi ne tun ranar da injiniyoyi suka zauna zana famfon, suka zaɓi abin da za su riƙe da abin da za su saki.

Abu uku ake nema a wurin famfo. Ana so ya yi araha, domin gwamnati ko ƙungiya ta iya sayen dubbai. Ana so ya jure, domin a Nijar ma'aunin hukuma shi ne mutum 250 ga mashaya guda, kuma a zahiri sukan fi haka, ga dabbobi. Ana kuma so ya iya abubuwa da yawa: ya kai zurfi, ya kawo ruwa da sauri, yarinya 'yar shekara goma ta iya tuƙa shi, a iya gyara shi a ƙauye. Kowace buƙata aka ja, sai wata ta motsa.

Lissafin da ba ya jin magiya

A can ƙarƙashin ƙasa akwai silinda, a cikinta akwai fistin da ke hawa da sauka yana turo ruwa sama. Duk nauyin ruwan da ke bisa fistin ɗin, hannun mai tuƙi ne zai ɗaga shi. Idan faɗin silindar milimita 63 da rabi ne, kamar ta famfon India Mark II, ruwa kuma yana zurfin mita 30, nauyin da ke danne fistin ya kai kilo 95, ban da nauyin sandunan ƙarfen da suka haɗa shi da mariƙi. In aka rage faɗin zuwa milimita 50, nauyin zai sauko ƙasa da kilo 60. Tuƙi ya yi sauƙi ke nan, sai dai ruwan da kowane bugu ke kawowa ya ragu, sai an ƙara tsawon bugun ko yawansa.

Dogon mariƙi ma dabara ce irin wannan. Na India Mark II yana rage nauyin da hannu ke ji kusan sau takwas, amma dole hannun ya yi tafiya mai nisa kafin fistin ya motsa kaɗan. Babu inda aka samu ƙarfi a banza. Mutum yana da iyakar ƙarfin da zai iya bayarwa na tsawon lokaci, shi ya sa jarka mai lita 20 ke cika cikin minti ɗaya zuwa biyu a matsakaicin zurfi, kuma idan ruwa ya yi nisa layi ya yi tsawo, ko wane kamfani ne ya ƙera famfon.

Indiya ta zaɓi ƙarfi

Labarin famfon da ya fi yawa a duniya ya faro ne da fari. A shekarar 1967 fari ya auka wa jihar Bihar ta Indiya, asusun UNICEF ya kawo injunan haƙa burtsatse masu huda dutse. Ramuka suka yawaita, aka ɗora musu famfunan baƙin ƙarfe da aka kwaikwayo daga na Turai da Amurka. Waɗancan famfunan an zana su ne don gida guda, a tuƙa su 'yan mintuna a yini. Da aka ba su gari guda suna aiki daga asuba zuwa dare, suka riƙa karyewa. Wani bincike na 1974 ya gano cewa kusan kashi 75 cikin ɗari ba sa aiki.

Daga nan ne gwamnatin Indiya da UNICEF da wasu injiniyoyin ƙasar suka ɗauki wani famfo da ake ƙerawa a jihar Maharashtra, suka gyara shi, ya zama India Mark II a tsakiyar shekarun 1970. Kansa na farantin ƙarfe ne da aka yi wa walda, ba zubi ba, don haka ba ya fashewa, kuma kowace masana'anta mai matsakaicin ƙarfi za ta iya yin sa. Mariƙin yana juyawa a kan boris. An haɗa shi da sandunan ta hanyar sarƙa, yadda sandar za ta riƙa hawa da sauka a miƙe ba ta gogar bututu. Yana ɗaga ruwa daga zurfin da ya kai mita 50. Abu mafi muhimmanci, ba a mallaka wa kowa zanen ba: an buga shi a matsayin ma'aunin ƙasa, duk wanda ya cika sharuɗɗa ya ƙera. Masu ƙerawa suka yi yawa, farashi ya faɗi, aka kafa miliyoyi.

Ko sarƙar nan da ake yabo tana da nata sharaɗin. Sarƙa ja take yi, ba ta turi, saboda haka nauyin sandunan ne ke mayar da fistin ƙasa. A rijiya maras zurfi sandunan ba su da isasshen nauyi, sai an sa masu kauri.

Babban abin da aka sadaukar shi ne sauƙin gyara. Silindar ta fi bututun da ke kawo ruwa faɗi, ba za ta bi ta cikinsa ta fito ba. Idan robar fistin ta cinye, kuma dole wata rana ta cinye, sai an zaro bututun gaba ɗaya, tsayi-tsayi na mita uku ana kwancewa. A zurfin mita 30, bututun ƙarfe da sanduna da ruwan da ke ciki sun kusa kilo 150. Aikin na ƙwararre ne da mataimaka da kayan aiki na musamman, kuma in hannu ya kuɓuce komai ya zurma cikin rami, wani lokaci shi ke nan an yi asarar burtsatsen. Indiya ta san da haka, ta kafa tsari mai hawa uku: mai kula a ƙauye, makaniki a gunduma, da ayarin mota a matakin lardi. A ƙasa mai cunkoson jama'a, ƙauye kusa da ƙauye, tsarin na iya tafiya. Da famfon ya ƙetaro Afirka ya tarar da garuruwa a warwatse, hanya ta yanke da damina, motar hukuma ba mai.

Famfon da aka yi don ya lalace da sauƙi

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 1981 zuwa 1990 a matsayin shekaru goma na ruwan sha da tsafta. A cikinsu Bankin Duniya da hukumar UNDP suka gudanar da babban gwaji a kan famfuna kimanin iri 70, wasu a ɗakin gwaji a Ingila, wasu a ƙauyukan ƙasashe 17, aka fitar da rahoto a 1987. Abin da ya fito daga gwajin ya sauya ma'anar kalmar juriya ita kanta.

Misali zai fayyace shi. Ga famfo mai ƙarfi da ke lalacewa sau ɗaya tak a shekara, amma sai an jira kwana 60 kafin mai gyara ya zo daga birni. Ga wani da ke lalacewa sau huɗu a shekara, amma mutanen gari na gyara shi cikin kwana biyu. A takardar injiniya na farko ya ninka na biyu inganci sau huɗu. A wurin matar da ke ɗebo ruwa, na farko ya hana ta ruwa kwana 60, na biyu kwana takwas. Kuma kwana 60 na shan ruwan tafki sun isa su kawo wa yara gudawar da aka haƙa burtsatsen don a kauce mata.

Wannan tunani ne ake kira VLOM a taƙaice, wato famfon da ƙauye zai iya tafiyarwa ya kuma gyara da kansa. Wanda ya fi shahara a kansa shi ne Afridev, da aka faro a Malawi a farkon shekarun 1980, aka ƙarasa gyaransa a Kenya, inda aka horar da mata a yankin Kwale su zama masu kula da shi. Injiniyoyin sun juya tsarin ne: suka sa bututun roba mai faɗi, silinda kuma 'yar siririya mai milimita 50, yadda fistin da bawul ɗin ƙasa za su biyo ta cikin bututun su fito sama ba tare da an taɓa shi ba. Sandunan ƙugiya ke haɗa su, ba zare ba, ana zare su da hannu. Maimakon boris na ƙarfe aka sa zobban roba masu araha, waɗanda da gangan aka yi su don su cinye su kare ƙarfen da ke kewaye da su. Sufana ɗaya da ƙugiyar kamo bawul sun isa yawancin gyara, mutum biyu su gama kafin azahar.

Wannan ma da kuɗinsa. Afridev ba ya wuce zurfin mita 45. Bututun robar manne shi ake yi da gam, in ya tsage sai an zaro shi an yanke an sake haɗawa, aikin da ya fi ƙarfin mai kula na ƙauye. In ramin ya karkace, sanduna kan goge bututun har su huda shi. Sannan famfon da aka gina a kan cewa za a riƙa canza masa ƙananan kaya a kai a kai, rayuwarsa na hannun wanda ke sayar da kayan. Nan ne lissafin ya fi yin rauni. Ɗan kasuwa a ƙaramin gari ba zai ɗaure jarinsa a kan robar da za a nema sau ɗaya ko biyu a shekara ba, ribarta ba ta kai ta katan ɗin sabulu ba. Sai ya zama kuɗin motar zuwa birni neman robar ya ninka kuɗin robar.

Indiya ma ta yi nata gyaran, ta fito da India Mark III mai faffaɗan bututun ƙarfe da fistin ke iya bi ta ciki. Gyaran yau da kullum ya yi sauƙi, amma bututun ya ƙara tsada da nauyi.

Hanyar Faransa: a taka da ƙafa

Masu karatu a Nijar, Chadi da Kamaru sun fi sanin wani famfon daban, wanda ake takawa da ƙafa. Shi ne na kamfanin Vergnet na Faransa, wanda asalinsa ke komawa shekarun 1970, lokacin babban farin Sahel. Babu sandar ƙarfe ko ɗaya a cikin raminsa. Tiyo biyu ne na roba masu lanƙwasuwa. Idan aka taka, ruwan da ke cikin tiyo na farko ya matsa ya kumbura wata jakar roba a can ƙasa, kumburin ya tura ruwan rijiya ya hau ta tiyo na biyu. An ɗaga ƙafa, jakar ta motse, sabon ruwa ya shigo.

Amfaninsa a fili yake. Ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, mutum biyu ko uku za su zaro shi da hannu kamar guga, ko da ramin ya ɗan karkace. Samfurin da ya fi yawa yana kaiwa mita 60, akwai kuma wanda ya fi shi zurfi, abin da ke da muhimmanci a wurare irin Damargu inda ruwa ke da nisa. Ƙananan kayan da ke saurin cinyewa suna sama, kusa da matakin.

Abin da aka bayar a madadin haka shi ne 'yancin kasuwa. Zanen mallakar kamfani ne, kayan gyara ta hannun wakilansa suke fitowa, jakar robar kuma, ko da yake takan yi shekaru, ranar da ta fashe kuɗinta ba na tara-taran yini ɗaya ba ne. Sai dai a nan ma maganar fuska biyu gare ta. Kamfani guda yana iya tsare ingancin kayansa. Famfon da kowa ke da izinin ƙerawa kuwa, kowa na da damar ƙera shi da ƙarfe maras kyau, kuma a ido ba a bambance su.

Arahar da ke narkewa a cikin rami

Bututun India Mark II na asali ƙarfe ne da aka lulluɓe da zinki, irin rufin da ake yi wa kwanon rufi. A ruwan da ba shi da tsami yana daɗewa. Amma a sassa da dama na Afirka ta Yamma, musamman ƙasar duwatsu, ruwan ƙasa yana da ɗan tsamin da harshe ba ya ji. Masana sun sa iyaka a maki 6.5 na ma'aunin pH: ƙasa da haka, kada a sa irin wannan ƙarfe. Tun shekarun 1980 aka san da wannan, amma har yau ana sawa, domin shi ya fi araha a takardar kwangila.

Alamar farko ita ce ruwan safe ya fito ja. Yana ɓata farin kaya, yana baƙanta shayi, yana da ɗanɗanon ƙarfe. Mutane sukan ɗauka ruwan wurin ne haka, alhali bututun ne ke narkewa. Tun kafin famfon ya tsaya wasu gidaje sun daina shan ruwansa. Daga baya zaren mahaɗa ya cinye, bututu ya huje ko ya tsinke. Ghana ta magance wannan da nata samfurin na India Mark II mai bututu da sanduna na ƙarfe maras tsatsa. Ya fi tsada, amma famfo ƙaramin kaso ne na kuɗin burtsatse gaba ɗaya, haƙan ne ke cin mafi yawa. Rangwamen da aka samu a bututu, da ramin kansa ake yin cacarsa. Ko ƙarfe maras tsatsar ma aji-aji ne, kuma an sha samun maras kyau an sayar da sunan mai kyau.

Don a rage wannan rikici ne ƙasashe suka taƙaita irin famfunan da suka amince da su. Ghana ta tsaya a kan huɗu: Afridev, nata India Mark II, Nira na rijiya maras zurfi, da Vergnet. Najeriya ta ɗauki samfurin India Mark III da na Afridev. Hikimar ita ce in famfuna iri ɗaya suka yi yawa a yanki, makaniki zai ƙware, mai shago ya ga dalilin ajiye kaya. Ga mazauna kan iyaka abin yakan zo da ban haushi: kasuwar da ta fi kusa tana tsallaken iyaka, cike da kayan famfo, amma ba na irin wanda ke garinsu ba.

Lokacin da ado ya rinjayi aiki

Akwai misalin da ɗaliban aikin injiniya ke yawan ji. A Afirka ta Kudu an fito da PlayPump, famfon da aka haɗa da lilon yara mai juyawa: yara na wasa, ruwa na hawa tanki, a jikin tankin kuma allunan talla da za su biya kuɗin gyara. A shekarar 2006 gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi suka yi alkawarin dala miliyan 16.4, da burin kafa 4,000 kafin 2010. A lokacin kowane ɗaya yana cin kusan dala 14,000, ninkin ba ninkin famfon hannu.

A hoto ya yi kyau. A ƙauye kuwa yara ba sa wasa da asuba, lokacin da ake buƙatar ruwa, kuma lilon da ke ɗaga ruwa yana da nauyi, ba ya gudu da kansa kamar na wasa. A Mozambik an ga mata, har da tsofaffi, suna tura shi da hannu. A wasu wurare an cire famfon hannu mai aiki aka sa shi, ba a tambayi mutanen gari ba, in ya lalace kuma babu mai gyara a kusa. Masu talla ba su ga abin tallatawa a ƙauyen da ba kasuwa ba. Zuwa 2010 manyan masu ba da kuɗin sun amsa cewa abin bai tafi yadda aka zata ba.

Yanzu kuma sola

Farashin farantin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari a shekarun 2010, kuma yau gari da yawa sun fi son a sa musu injin sola da tanki da kawunan famfo a unguwanni. Dalilinsu mai ƙarfi ne: babu tuƙi, ruwa ya fi yawa, ana kaiwa zurfin da hannu ba zai iya ba, har a yi lambu a shayar da garke.

Injiniyoyin sola ma sun yi irin wancan zaɓin. Yawancin tsare-tsaren ba su da batir, ko da yake batir zai sa injin ya yi aiki da dare. An bar shi ne saboda shi ya fi tsada, shi ya fi saurin mutuwa a zafin Sahel, shi kuma ɓarayi suka fi so. Maimakon a adana wuta, sai a adana ruwa a tanki bisa hasumiya, nauyinsa ya sauko da shi. Girman tankin kuma wani ciniki ne: ƙarami ya yi araha amma ya ƙare a ranar hadari ko ƙurar hunturu, babba ya ci kuɗin ƙarfe da siminti.

Abin da bai canza ba shi ne tambayar kwana nawa. Injin sola na iya shekaru bai yi tari ba, amma ranar da akwatin sarrafa wutarsa ya ƙone, ba sufana ba ce za ta tashe shi, kuma mutanen da ke dogara da shi sun ninka na famfon hannu. Shi ya sa a wasu ayyukan ake barin tsohon famfon tuƙa-tuƙa a wani ramin kusa, ana ci gaba da canza masa roba, wasu kuma suna ɗaura yarjejeniya da mai gyara tun kafin a kafa faranti, a riƙa biyansa daga kuɗin da ake karɓa a kan kowace jarka.